Kwalekwalen da Babu Ƙusa a Jikinsa

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Katako ya iso yau da hantsi. Falle biyar ne na filawud ɗin jirgin ruwa, uku masu kaurin milimita 4, biyu masu milimita 3, kowanne tsawonsa mita 2.44, faɗinsa mita 1.22. Ni da direban motar muka shigar da su gareji ɗaya bayan ɗaya, iska tana neman fizge su daga hannunmu, don iskar Aberdeen ta Sikotlan a wannan wata ba ta san wasa ba. Da na jingina na farko da bango sai ya lanƙwashe kamar tabarma. Gabana ya faɗi: a cikin wannan abin zan shiga Tekun Arewa?

Abin da zan gina shi ne kayak, siririn kwalekwalen nan na mutum ɗaya wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne, mafarautan teku na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Su fatar dabbar ruwa suke ɗinkawa a kan ƙirar itace. Nawa na katako ne, tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa santimita 56 a inda ya fi faɗi. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina, kada nauyinsa ya wuce kilo 18. Shekara biyu ke nan ina aron na roba a ƙungiyar da nake koyon tuƙi, kowanne ya haura kilo 25, ba na iya ɗora shi kan mota sai na nemi mai kama mini. Jirgin da sai ka jira wani kafin ka kai shi ruwa, a gareji zai tsufa. Ina son wanda zan saɓa a kafaɗa ni kaɗai.

Filawud ɗin na itacen okume ne, wanda ke fitowa daga dazuzzukan Gabon. Ba shi da nauyi, yana yarda a lanƙwasa shi, amma ba ya jure laima in an bar shi tsirara, shi ya sa dole a lulluɓe shi da gam ciki da waje. A gefen kowane falle akwai hatimin BS 1088, wato ma'aunin Birtaniya na filawud ɗin jirgi: babu rami a tsakanin shimfiɗunsa, kuma gam ɗin da ya haɗa su ba ya sakewa a ruwa.

Kakana Basarke ne a Yauri, da gizago ya tashi, a kan kogin Neja ya yi rayuwarsa. Ni boko ta ɗauke ni tun ina ƙarami. Wannan aikin ba zai mayar da ni masassaƙi ba, amma na daɗe ina jin akwai bashin da hannuna bai biya ba.

Abin da na kashe zuwa yau: katako da kuɗin kawowa fam 367, gam ɗin ifoksi kilo 6, fam 145, yadin faiba (saƙar zaren gilashi da ake manna wa katako don ƙarfi) mita 12, fam 66, tef ɗin faiba fam 22, garin katako da hodar kauri fam 19, wayar jan ƙarfe fam 12, takardun zane fam 60. Jimla fam 691.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Shara da kwashe tarkace. Garejin mita 5.6 ne, jirgin kusan 5.2, ke nan da ƙyar zan riƙa zagaya goshinsa. Na haɗa dogon tebur da tsofaffin ƙofofi uku. Mota za ta kwana waje har aikin ya ƙare. Na karɓi aron ma'aunin da uwargida ke auna akwatuna in za mu je gida, na rataye shi a ƙusa kusa da ƙofa.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Tunda babu fallen da ya kai tsawon jirgin, dole a yi ƙari. Jikin jirgin ɓangare huɗu ne, biyu na ƙasa, biyu na gefe, kowanne yana buƙatar haɗi biyu, takwas ke nan. Ba a haɗa su baki da baki. Ana fere bakin kowanne a karkace, tsawon fira ya ninka kaurin katakon sau takwas, wato milimita 32, sannan a ɗora wannan kan wancan a manne.

Na jera su kamar matakala, kowanne ya ja baya da milimita 32, na bi su da magogin katako. Abin da ya burge ni shi ne katakon da kansa yake gaya maka ko kana daidai. Yayin da kake fira, shimfiɗun cikinsa suna bayyana layi-layi, fari da ja, kamar zanen saƙi. In layukan sun miƙe sambal, firarka ta yi. In sun yi ciki ko ƙusumbi, akwai inda hannunka ya danne. Na yi awa uku a kan wannan kaɗai, ban ji gajiya ba.

Da la'asar na kwaɓa gam na manne haɗi huɗu, na shimfiɗa leda sama da ƙasa, na danne da bulo.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Gam bai kama ba.

Ran Litinin na taɓa shi na ji yana danƙo, na ce sanyi ne, don ma'aunin zafi ya nuna digiri 3 a garejin da asuba. Na shigo da su falo, na jera a bayan kujeru kusa da hita, yara suna tsallakawa. Bayan kwana biyu, haɗi biyu sun ƙame kamar dutse. Sauran biyun har yau farce yana shiga. Da na lanƙwasa ɗaya a gwiwata sai ya buɗe a hankali, gam ɗin yana ja kamar alewa.

Na zauna na bi abin daki-daki. Ifoksi ruwa biyu ne, uwar gam da abin da ke ƙamar da ita, kuma irin wanda na saya awo biyu ne na uwa, awo ɗaya na mai ƙamarwa. Ba kamar siminti ba ne da za ka ce bari in ƙara kaɗan ya yi saurin bushewa. In awon ya kauce, wani sashe ba zai taɓa samun abokin haɗuwarsa ba, ko shekara za a yi. Galan-galan ɗin sun zo da famfo a bakinsu, danna ɗaya nan, danna ɗaya can. To amma a wannan sanyi uwar gam ta yi kauri kamar zuma a tsakiyar hunturu, famfon bai gama cikowa ba na sake dannawa. Kwaɓin farko ya dace, na biyu ya gaza. Na tuna ma na ji famfon ya yi tari, ban kula ba, don magariba ta kawo kai ina sauri.

Babu gyara sai yankewa. Na kankare gam ɗin, na yanke santimita 4 daga kowane baki har na kai ga katako mai tsabta, na sake fira daga farko. Allah Ya taimake ni na bar rara a tsawon, da sai na sake sayen falle.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na yi wa tebur rumfar leda daga rufi zuwa ƙasa, na sa ƙaramar hita mai mai a ciki. Yanzu zafin yana tsayawa tsakanin digiri 17 da 19. Gam kuma ya koma kwana a cikin gida. Na cire famfunan na ajiye, na koma auna komai a kan sikelin kicin. Lissafin nauyi daban yake da na mudu, don ruwan biyu ba nauyinsu ɗaya ba, saboda haka na bi abin da aka rubuta a jikin galan, na kwafe shi da manyan baƙaƙe a bango. Wani abu da na koya: bakin da aka fere yana shan gam kamar ƙasar rani, sai an fara shafa masa tsararo ya sha ya ƙoshi, sannan a sa mai kauri. Leda da hita, fam 48.

Talata, 20 ga Fabrairu

Duka takwas sun kama. Na gwada guntun da na yanke: katakon ya karye a gefe, haɗin bai motsa ba.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Kwana biyu a kan zane da yanka. Ana auna tazara daga miƙaƙƙen layi a kowane santimita 30, a sa ɗigo, a kafa 'yan ƙusoshi, sannan a lanƙwasa siririyar sanda ta bi su a ja fensir. Inda sandar ta ƙi bin ɗigo, sau biyu na koma na tarar ni ne na karanta lamba ba daidai ba. Na yanka dama da hagu a tare, ɗaya a kan ɗaya, don su fito tagwaye.

Ƙirar da na zaɓa irin ta yammacin Girinlan ce, mai kusurwa a inda gefe ya haɗu da ƙasa. Tana da tarihi a nan Sikotlan. A 1959 wani ɗalibin Jami'ar Glasgow, Ken Taylor, ya je ƙauyen Illorsuit, aka yi masa kayak daidai jikinsa, ya dawo da shi gida. Daga awon wannan jirgin aka fitar da samfurin kayak mai suna Anas Acuta, kuma kayak ɗin teku da yawa na Birtaniya daga wannan zuriya suke. Ga mai aiki da filawud wannan ƙira rahama ce, don falle yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya ne kawai, ba ya yin ƙoƙo.

Na huda ramuka a gefuna, kowane santimita 10.

Asabar, 2 ga Maris

Yau jirgi ya fito.

Sunan hanyar ɗinki da manne, kuma ɗinkin na gaske ne. Wani malamin koyar da kafinta a Ingila, Ken Littledyke, shi ya fito da ita, daga baya ƙaramin jirgin Mirror na farkon shekarun 1960 ya yaɗa ta. Ana zura guntuwar wayar jan ƙarfe ta ramuka biyu masu fuskantar juna, a murɗe ta waje. Babbar 'yata tana zurawa, ni ina murɗewa da filaya. Mun fara da ɓangarori biyu na ƙasa a kwance, muka ɗinke tsakiyarsu, sannan muka buɗe su kamar littafi. Nan take abin da yake shimfiɗe da safe ya yi ciki, ya ɗaga goshi. Yarinyar ta ja da baya ta ce, "Abba, wallahi ya zama jirgi!" Kafin la'asar mun ɗinka gefunan, waya sama da 200, yatsunmu duk sun yi jini-jini.

Na kira Kawu a Yauri ta bidiyo na zagaya da shi. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, ina ƙusoshin?" Na ce, "Kawu, ai babu ƙusa ko ɗaya, har wayar ma cire ta za a yi." Ya ce in matso da wayar kusa da bakin katakon. Da ya ga kaurinsa sai ya ce ko faifan matarsa ya fi wannan ƙwari. Ya tambayi mutum nawa yake ɗauka, na ce ɗaya. Buhu nawa? Na ce ko ɗaya. Ya jinjina kai ya ce, "To Allah Ya sa albarka. Amma ka sani, iya ruwa fidda kai."

Nauyi a yau, da sandunan da ke bin bakin gefe: kilo 7.6.

Laraba, 6 ga Maris

Dattijon da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen kamun kifi, ya leƙo ya ga abin da ke hana motata kwana a ciki. Bai ce komai ba. Ya je goshin jirgin ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe a haka. Sai ya ce in kawo sanduna biyu miƙaƙƙu. Ya gicciya ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ya ce in zo in duba daga inda yake. Ba su yi daidai da juna ba. Ta baya ta sunkuya hagu da kusan kaurin yatsa. Jirgin a murɗe yake.

Da na zuba gam a haka, da shi ke nan, har abada zai riƙa ja gefe ɗaya, kowane bugun filafili sai na biya bashin wannan yatsa. Muka sassauta wayoyin baya kusan arba'in, muka ɗaure jirgin a kan dawakan katako biyu bayan mun daidaita su da ma'aunin ruwa, muka ja zare daga goshi zuwa wutsiya, sannan muka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, ɗaya dama ɗaya hagu. Laifin na waya shida ne da na murɗe fiye da kima a gefe guda. Awa biyu da rabi dattijon nan yana tsaye a cikin sanyi. Uwargida ta aika masa da kwanon dambun nama.

Asabar, 9 ga Maris

Ran Alhamis na ɗiga gam a tsakanin wayoyi, jiya na zare su duka. Wadda ta maƙale, in ka ɗora mata ƙarfe mai zafi na ɗan lokaci sai ta fito salin-alin.

Yau cike kusurwoyin ciki. Ana kwaɓa gam da garin katako har ya yi kaurin tunkuza, a shafa a lungu, a ja shi da bayan cokali, a ɗora tef ɗin faiba tun bai bushe ba. Na yi kuskure biyu. Na farko, na kwaɓa da yawa a kofi ɗaya na tsaya gyara tef. Ifoksi yana haifar da zafi in yana ƙamewa, in kuma ya taru wuri ɗaya zafin yana ƙara masa sauri. Kafin minti goma sha biyar kofin ya yi zafin da ba ya riƙuwa, ya fara hayaƙi, gindinsa ya narke. Na fitar da shi waje da filaya. Giram 200 sun tafi. Yanzu kaɗan nake kwaɓawa, in juye a faranti mai faɗi.

Na biyun ya fi ci mini rai, don shi ba ya fita. Tsoron kada jirgi ya buɗe a teku ya sa na cika kusurwoyin da kauri, na ɗauki babban cokali maimakon ƙarami. Ƙarfin haɗin a tef ɗin yake, cikon amfaninsa kawai ya ba tef ɗin lanƙwasa mai laushi da zai kwanta a kai. Na rataya jirgin a ma'auni: kilo 9.5. Lissafina 8.8 ne. Giram 700 na tsoro.

Litinin, 11 ga Maris

An tashi da azumi. Aiki zai ragu.

Lahadi, 17 ga Maris

Na kife jirgin, na goge kusurwoyin waje suka yi santsi. Na yi gugar da hannun riga a naɗe, gam ɗin kuma bai gama nuna ba. Da dare wuyan hannuna ya yi ja, ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Wannan ba abin rainawa ba ne: ƙurar ifoksin da bai gama ƙamewa ba tana iya sa jiki ya ƙi shi gaba ɗaya, har mutum ya kasa kusantarsa. Na huta kwana biyar. Na sayi takunkumi mai matata, da safar hannu doguwa, fam 32. Samfefa fam 25. Yara ba za su ƙara shiga gareji ranar guga ba.

Asabar, 23 ga Maris

Ranar lulluɓa yadin faiba a bayan jirgi, ranar da na fi ɗoki, ita ce ta fi ba ni wahala.

Na shimfiɗa yadin tun jiya, fari sol kamar likkafani, na lallashe shi da busasshen buroshi har ya kwanta. Da safe bayan na ɗan rintsa, na shiga rumfa na tarar da digiri 13. Na kunna hita, na fara zuba gam daga tsakiya ina ja da faifan roba. Inda gam ya ratsa, yadin sai ya ɓace, jan katakon ya fito kamar an wanke shi. Na gama cikin awa biyu ina murna, na ƙara wa hita wuta don ya yi saurin kamawa, na rufe na fita.

Da azahar na dawo na tarar da bayan jirgin ya yi ƙuraje, ɗaruruwan 'yan kumfa kamar ƙwayar gero, wasu sun ɗaga yadin daga jikin katako. Ƙafafuna suka yi sanyi. Na bi su da buroshi ina fasawa, wasu na sake tasowa a gabana.

Ni na jawo. Katako cike yake da iska a cikin ƙofofinsa. In yana ɗumama, iskar tana buɗewa ta nemi hanyar fita, ta tarar da gam a bakin ƙofa, ta hura shi. In kuwa yana hucewa, iskar tana tsukewa ta ja gam ɗin ciki. Ke nan a ɗumama wuri tukuna, a rage wuta, sannan a shafa. Na yi akasin haka daidai wa daida. Ga ƙishirwa, ga ɓacin rai, na rufe garejin ban sake leƙawa ba sai bayan shan ruwa.

Asabar, 30 ga Maris

Mako guda ina gyara. Ƙananan kumfa na goge su na cike. Manya guda goma sha ɗaya na yanke da reza, na yi musu faci. Kafin kowace guga sai na wanke jikin da ruwan ɗumi, don gam yana fitar da wani maiƙo a sama wanda ke toshe samfefa, ya kuma hana shafi na gaba kamawa.

Azumi ya ba ni tsarin da ya dace. Ina kunna hita tun la'asar har rumfa ta kai digiri 22, in na dawo daga asham sai in rage ta, in yi shafi wuri yana hucewa a hankali. Shafi biyu na yi a haka, ko kumfa ɗaya babu. Faci da ƙarin shafi sun ci wajen giram 300. Nauyi: kilo 11.9.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na sa katangu biyu a ciki, ɗaya a gaban ƙafa, ɗaya a bayan mazauni. Su ne ke raba jirgin gida uku, ta yadda in ya kife, tsakiya kaɗai ruwa zai cika, gaba da baya su riƙe iska su hana shi nutsewa. A nan ban yi rowar gam ba, kuma ba zan yi ba.

Hajiya ta kira da yamma, Kawu ya kai mata labari. Tun hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021, wanda ya ci mutane masu yawa a yankinmu, ba ta son jin zancen ruwa. Ta ce, "Yanzu duk faɗin ƙasar Turawa ka rasa abin yi sai shiga teku a cikin akwati?" Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ba na shiga sai da rigar ruwa, ba na shiga ni kaɗai, kuma ba na nisa da gaɓa." Na yi mata bayanin katangun. Ta ce ita ba ta san katanga ba, in dai riƙa addu'ar hawa abin hawa kafin in tura shi. Na yi mata alkawari.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Gobe zan tafi aiki na mako biyu.

Asabar, 27 ga Afrilu

Rufin sama, da falle mai milimita 3. Na shafe cikinsa da gam, na ɗora, na fara ɗaure shi da igiyoyin ɗaure kaya daga tsakiya. Yawancin masu wannan aiki suna kafe rufin da 'yan ƙusoshin tagulla, amma na riga na gaya wa Kawu babu ƙusa, don haka igiya goma sha huɗu da salatif nadi biyu suka yi aikin. A gaban gurbin zama, inda rufin ya fi yin doro don gwiwa ta samu wuri, na ja igiya da ƙarfi ɗaya. Sai na ji ƙas. Tsaga ta kai tsawon tafin hannu, a shimfiɗar sama kaɗai. Na sassauta, na ɗura gam a ciki, na sake ja a hankali. Gobe zan manna faiba ta ƙasa. Tabon zai fito a ƙarƙashin banish, daidai inda idona zai riƙa sauka in ina tuƙi.

Lahadi, 5 ga Mayu

Bakin gurbin zama, da ƙofofin ajiya biyu. Bakin yana son matsi ta ko'ina, ni kuwa ƙarfen matsi shida gare ni. Dattijo ya nuna mini dabara: a yanka bututun roba na ruwa zobe-zobe, a tsaga kowanne, sai ya zama abin matsi. Mun yi talatin daga guntun bututun da ke bayan gidansa. Yanke ƙofa a rufin da na sha wahalarsa ya sa hannuna rawa, amma sun fita lafiya.

Asabar, 11 ga Mayu

Faiba a kan rufi, da dare, wuri yana hucewa. Lafiya lau. Kilo 17.2, ga banish da kayan ɗaure-ɗaure ba a sa ba. Na san 18 ta kuɓuce.

18 zuwa 29 ga Mayu

Guga, sannan banish shafi biyar, kwana biyu tsakanin kowanne. Ba don ado ba ne kawai, rana tana cin ifoksi in ba a rufe shi ba. Nakan yayyafa ruwa a ƙasa kafin in fara don ƙura ta kwanta. Fam 42.

A kwanakin jiran nan na karanta labarin wani kayak da ke ajiye a Jami'ar Aberdeen. A farkon ƙarni na 18 aka tsinci wani mutum a cikinsa a gaɓar nan kusa da bakin kogin Don, yana magana da harshen da babu mai ji, bayan kwana uku ya rasu. Fata da itace ne jirginsa. Tun da na karanta, in na bi ta bakin tekun nan da mota sai na tuna da shi, baƙo a wannan gaɓa, babu wanda zai gaya wa sunansa.

Asabar, 1 ga Yuni

Na ɗaura igiyoyin rufi, matakan ƙafa, mazaunin soso, da robar bakin ƙofofi, fam 95. Jimlar kuɗi fam 933, ban da wutar lantarki, wadda uwargida ta ce ita ma a rubuta ta.

Muka rataya shi, ni da 'yata, ta karanta lambar: kilo 19.3.

Na wuce da kilo 1.3, kuma na san inda kowane giram yake. 700 a kusurwoyin ciki, 300 a facin kumfa, wajen 100 a tsagar rufi, sauran a gam ɗin da na zuba a cikin goshi da wutsiya don su jure karo da dutse. Abin ya dame ni har dare. Amma da safe na saɓa shi a kafaɗar dama, na fita da shi daga gareji, na ɗora a kan mota, na sauke, na sake ɗorawa, babu wanda ya kama mini.

Asabar, 8 ga Yuni

Gwaji a wani ƙaramin tafki da ke yamma da gari, tare da mai koyar da mu. Na yi addu'ar da na yi wa Hajiya alkawari. Mintunan farko yana rawa a ƙarƙashina fiye da na roba, amma in na karkata shi sai kusurwar ta kama ruwa ya tsaya daram. Bugu uku ya yi nisan da na saba yi da biyar. Na kifar da shi da gangan sau uku, na fita ta ƙasa, na sake hawa. Gaba a bushe. Baya ya sha ruwa kusan kofi ɗaya, ta bakin ƙofa, inda robar ba ta kwanta ba a kusurwa. Na sauya ta da mai kauri.

Asabar, 15 ga Yuni

Mun yi shirin teku, hazon nan da mutanen nan ke kira "haar" ya rufe gaɓa, ko ƙarshen gadar tashar ba a gani. Mun juyo. Gobe Babbar Sallah.

Asabar, 22 ga Yuni

Stonehaven, garin bakin teku da ke kudu da Aberdeen, ƙarfe tara na safe, mu uku. Ruwan nan ko a watan Yuni bai kai digiri 15 ba, sanyin da ke iya ɗauke numfashin mutum in ya faɗa, don haka na sa kayan da ruwa ba ya ratsawa, da rigar ruwa a sama. Na ɗauko jirgin daga mota zuwa bakin yashi a kafaɗata.

A cikin tasha ruwan kwance yake. Da muka fita bakin katanga sai na ji teku ta ɗaga ni gaba ɗaya ta sauke, ba irin ƙananan igiyoyin kogi masu mari ba, wani dogon numfashi ne daga ƙasa. Ta cikin milimita 4 ɗin nan ina jin ruwan a dugadugaina. Muka bi gindin duwatsu zuwa kudu har muka hango kangon ganuwar Dunnottar a samanmu, tsuntsaye suna ta shawagi, muka juyo. Awa ɗaya da minti arba'in. Yana tafiya a miƙe, zaren dattijo bai yi ƙarya ba. Duka ɗakunan a bushe.

Matsala ɗaya ta fito a dawowa. Iska tana bugo mu ta gefe, goshin jirgin yana ta neman juyawa ya fuskance ta, har kafaɗata ta hagu ta gaji da gyara. Wutsiya ce ta yi sakayau, tana zamewa. Mai koyar da mu ya ce in yanka ƙasan jirgin in sa ɗan ƙaramin fiffike mai sauka da hawa. Na lissafa, zai ƙara fiye da rabin kilo, ga rami a jikin da na sha wahalar toshewa. Zan fara da abin da ba ya buƙatar zarto: in ja mazauni baya da santimita 3, in sa gorar ruwa lita biyu a can ƙarshen ɗakin baya. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu, in iska ta yarda, zan gwada a wuri ɗaya. Hoton da aka ɗauke ni a gindin Dunnottar na tura wa Kawu, na roƙe shi kada ya nuna wa Hajiya sai na kira ta da kaina.